Daga Dama Na Fara

Ɗalibin da na gaji ɗakinsa a unguwar Madinat Nasr ta ƙasar Masar ya bar littattafai shida jere a kan taga. Na Turanci ne, tsofaffi, bangonsu ya cinye, babu lamba a jikinsu. Labarin zuri'a ɗaya ne ta mutanen Amurka na da, waɗanda suka loda kaya a keken doki suka nufi yamma neman wurin zama. Ni da ajami na buɗe ido, hannuna bai san wani mafari ba sai dama. Na zaro na gefen dama, na yi bisimilla.

Turancina na lallaɓawa ne, kuma ba don kaina na jure ba. Akwai wani dattijo a unguwar Ard al-Liwa, can wani gefen birnin, Allah ya jiƙansa, Bahaushen Sudan. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar hajji, suka yada zango a hanya, zangon ya zama gida. Shi kuma yaƙi ya koro shi Masar, ido ya tafi, ƙirji ya matsa masa. Kowace Juma'a bayan an sauko nakan bi ƙaramar bas ta haya da suke ce wa mikrobas, da metro, jirgin ƙasan cikin gari, da wani mikrobas ɗin, in isa kamar an yi mini duka, in ba shi da Hausa abin da na karanta a makon. Mutanen keken dokin nan sun shiga ransa.

Muna cikin littafi na uku ya ɗaga hannu.

"Malam, dakata. Amaryar nan, ba ita muka binne a gindin dutse kafin azumi ba?"

"Mai sunanta ce, Baba."

"Har ɗingishin ta gada? Ya zol, bawan Allah, ni ne makahon ko kai?"

Da na koma ɗaki na duba shekarun da ke farkon kowane littafi. Mai ɗakin daga hagu ya jera abinsa, yadda 'yan boko ke yi. Wata biyar ina tuƙa bayin Allah da baya.

Juma'ar da ta biyo na faɗa masa. Na ce, "Ma'alish, Baba, yi haƙuri. Bari mu koma na farko mu taho daidai."

Ya yi dariya har ta koma tari. Sai da numfashi ya dawo ya ce, "Na ga inda suka ƙare, jikokinsu ko sunan garinsu ba su sani ba. Ci gaba yadda ka ɗauko, ka mayar mini da su gida. Amma yalla, ka ɗaga ƙafa, ɗana."

Na gane nufinsa. Saura littattafai uku, jikinsa kuma kullum raguwa yake yi. Ga jarrabawa a kaina. Na riƙa karatu a tsaye cikin metro, ina tsallake harbe-harbe da kiwon shanu, ina kai masa abin da ya samu. Wata Juma'ar barci kan ɗauke shi ina tsakiyar magana, in zauna ina kallon fanka har a kira magariba.

Ranar da muka kai littafi na farko, na gefen hagu, yana kwance, ba ya iya tashi. Na ba shi babin farko: gida a bakin kogi, uwa tana shanya, dawakai a ɗaure, ba wanda ya ambaci tafiya tukuna.

"Duk suna nan?" ya tambaya.

"Duk suna nan, Baba."

"Alhamdu lillahi. Khalas, shi ke nan, rufe."

Na rufe. Har na bar Masar ban buɗe babi na biyu ba.