Katin da Ya Ɗauke Muryar Hadiyya

Tayyib ɗan Ruma ne, amma a Batsari ya zama mutum. Lokacin da hare-haren 'yan bindiga suka tashi gidansu, ya shigo gari ba da sana'ar komai ba sai kiwo. Ya yi wa wani mai ɗaukar bidiyo hidima har ya ƙware, daga baya ya buɗe ɗan shagonsa kusa da kasuwa, yana ɗaukar suna da walima, yana tace su a kwamfuta. Gado ɗaya ya taho da shi daga mahaifinsa. Tsohon, in saniya ta ƙi kiwo, ba ya fara ɗura mata magani sai ya tambayi abin da aka sauya mata. Wannan ɗabi'a ce ta masu hankali, kuma ta yi ƙaranci a zamanin nan.

Sai dai Tayyib yana da rauninsa: son kyawun hoto. Shi ya sa ya sayo sabon katin hoto daga Katsina, wato allon da ake sokawa cikin kwamfuta don hoto ya fito tas. Ya saka shi da safe, ya ga fuskoki sun fito kamar a taɓa, ya yi ta murna, bai ko gwada sauti ba. Nan kuskurensa yake, domin aikin da aka duba rabinsa ba a duba shi ba.

Da hantsi babur ya sauke Malam Armaya'u daga Wagini, tare da jikarsa Hadiyya. Tsohon makaho ne, kuma ciwon ƙafa ya hana shi zuwa walimar saukar karatunta, wadda Tayyib ya ɗauka. Tsohon ne ya fara koya mata baƙi, don haka ya ɗauki alkawarin ba ta tunkiya in har ba ta yi gargada a gaban jama'a ba. Dole kuma su juya kafin la'asar, saboda hanya.

Bayan doguwar gaisuwa, Tayyib ya kunna bidiyon. Ga Hadiyya da allonta, bakinta yana motsi, amma shiru.

"An fara?" in ji tsohon.

"An fara, Baba. Hoton ma ya yi kyau ƙwarai."

"Hoto? Ɗan nan, ka dube ni da kyau. Da me zan ci hoto?"

Hadiyya ta ƙyalƙyale da dariya. "Tsoho mai ran ƙarfe, ka dai ba ni tunkiyata. Ko in karanta maka yanzu?"

"A'a, uwar wayo. Kowa malami ne a cikin ɗaki. Na gaban taro nake son ji."

Tayyib ya koma kan kwamfutar. Ya ƙara murya har ƙarshe, ya cire wayar sipika ya mayar, ba labari. Maƙwabcinsa Sagiru mai gyaran waya ya leƙo ya ce sipikun sun ƙone, a sayo wasu. Har Tayyib ya miƙe, sai ya koma ya zauna ya yi tunani irin na mahaifinsa. Ya jona sipikun da wayarsa ta hannu, suka yi magana. Ashe lafiyarsu ƙalau. Ya kunna wani tsohon bidiyo, shi ma shiru; ke nan laifin ba na ɗaukar walima ba ne. Jiya komai yana aiki, kuma abu ɗaya kaɗai aka sauya.

Ya buɗe saitin sauti, sai ga amsar a fili. Da zuwan sabon katin, kwamfutar ta karkatar da sauti ta wayar da ke kai hoto zuwa allon kallo, shi kuwa allon ba shi da sipika. Ya zaɓi sipikunsa, ya mai da bidiyon farko.

Muryar Hadiyya ta cika shagon, a nutse, ba rawa. Malam Armaya'u ya karkata kai, leɓɓansa suna bin karatun har ta kai aya ta ƙarshe. Ya share ido da gefen rawaninsa.

"Tunkiya ta tafi," ya ce. "Ɗan nan, sake mai da shi baya, ko zan kama ta da kuskure ɗaya in tsira da dabbata."

Tayyib ya mayar, suna ta dariya. Tun daga ranar, ba ya sallamar aiki sai ya rufe ido ya saurare shi tukuna.