Kyautar Da Ta Goge Aikin Ƴata

Assalamu alaikum. A shekarun da soja suka koma bariki aka shiga mulkin farar hula, ni magidanci ne mai ɗan shagon buga takardu a Gyaɗi-Gyaɗi. Bokona bai wuce firamare ba. Daga ƙauye na shigo Kano da ƙuruciyata, na yi yaron mota, na yi masinja a wani ofis, a nan na koyi buga tafireta da yatsu biyu. Da kwamfuta ta fara yawa sai na bi sahu, na zuba ƴan tsofaffi a shagon, na jawo intanet, wurin ya zama kafe. Masu zuwa yawanci ɗaliban asibitin koyarwa ne da nas-nas, sai ƴan acaɓa da ke fakewa idan rana ta take. Ni nawa kula da janareta ne da hira a kan bencin ƙofa. A cikin na'urar ban iya komai ba sai kunnawa da kashewa, amma a majalisa injiniya ake kira na, kuma ina amsawa. Na rubuto ne a kan ƴata ta fari, wadda na raba da sana'ar da take ƙauna, alhali a lokacin ina ganin gata nake yi mata.

A gidanmu ɗan fari abin kunya ne. Haka na taso, ban taɓa jin mahaifina ya kama sunan yayana ba. Ni ma haka na riƙe ƴata: ba na faɗin sunanta, ba na zama hira da ita, in an yabe ta a gabana sai in kau da kai in kawo wata magana. Mahaifiyarta ma ta fi ni. Duk abin da yarinyar ke so sai ta je Tarauni ta gaya wa ƙanwata, wato goggonta, ita kuma ta kawo mini, in ba da amsa ta mayar. Da ta gama sakandare ta hanyar goggon ta nemi shiga makarantar koyon kwamfuta, na amince. In ta taso daga makaranta sai ta zauna a lungun shagon inda na sa labule saboda mata, tana buga wa nas-nas takardunsu a kan wata tsohuwar kwamfuta da muka bar mata. Ban taɓa ɗaga labulen nan na tsaya a bayanta na ga abin da take yi ba.

Ana nan sai wata dara ta bayyana a kwamfutocin shagon. Dara dai irin tamu ta gindin bishiya, ta tsinke da dutse, sai dai a kan allo. A burauza ake buɗe ta, wato inda ake buɗe shafukan intanet, ba ta nauyi, mutum biyu kowa a kujerarsa su kara. Ƴan acaɓa suka liƙe mata. Wani in ya ci sai ya miƙe ya ce wa abokinsa ya je ya sayar da babur ya kama tallan rake, tun da kan nasa ba ya ja. Har ɗaliban likita na gani suna satar yi. Ni kuwa da na leƙa na gani, sai na tafa hannu na ce wa mutane su dubi Turawa, ba abin da za su bar mana, har dararmu sun ɗauke sun cusa a inji. Aka yi dariya. Babu wanda ya gyara mini, domin a wurinmu namiji ba ya kawo wa uba zancen ƴarsa budurwa.

Wata ranar Juma'a goggon ta zo da saƙo. Ta ce ɗiyar tata ta kai shekarar ƙarshe, an ce kowa ya haɗa wasan kwamfuta a matsayin aikin fita, kuma iri biyu ne. Akwai ƙarami da ake buɗewa a burauza, akwai babba mai suna tiri-di, wanda mutum ke ganin kamar ya shiga cikin allon yana juyawa. Ta ce yarinyar ta zaɓi ƙaramin, don shi ne daidai mai koyo, albarkata kawai take nema. Goggon ta ƙara da nata, ta ce ita dai Yaya ba ta san burauza ba ba ta san uwar burauza ba, yadda aka ba ta haka ta sauke. Ni kuma sai na ɗauka yarinyar ba ta ma fara ba, tana tsaye ne tana jiran a nuna mata hanya. Na ce a ba ni lokaci in bincika.

Binciken da na yi shi ne na je wani babban kafe a wajen titin gidan zu, na ce a nuna mini tiri-di. Wallahi sai da na riƙe kujera. Mota na gudu a cikin gari, gidaje na wucewa, ga inuwa, ga hayaƙi, wai kuma wanda kake tsere da shi yana wata ƙasa. Ban tambayi mutum nawa suka haɗa shi ba, ko shekara nawa ya ɗauke su. Abin da ya zo mini kawai shi ne yadda za a yi a majalisa in aka ce ƴar injiniya ce ta yi irin wannan. Na dawo na aika wa goggon cewa jinina ba zai yi ƙarami ba alhali ga babba, tiri-di za ta yi, kuma ɗan acaɓa nake so a gani yana tashi daga Gyaɗi-Gyaɗi yana ratsawa har kasuwar Tarauni. Goggon ta dawo ta ce yarinyar ta ce to, amma kwamfutarta ba za ta ɗauka ba. Yanzu na gane hanyar da ta samu ke nan ta ce mini a'a cikin ladabi. A lokacin sai na ji kamar roƙo ne.

Ana bikin wata ƴar uwa a ƙauye, mata duk sun tafi har da ita, sai na cicciɓi tsohuwar kwamfutar daga bayan labule na kai wa wani dillalin kwamfuta a Tarauni. Na yi musanya da wata mai ƙarfi, na yi ciko. Ya tambaye ni ko akwai abin da za a kwashe a ciki, na ce takardun mutane ne kawai kuma duk an ba su. Na dawo da sabuwar na ajiye a gurbin, na rufe ta da zane, ina ta murna a raina. Ranar da ta dawo ina kan benci na ji ta yaye zanen. Na kasa kunne ina jiran guɗa ko dariya. Can ta fito ta durƙusa nesa da ni ta ce ta gode, Allah ya ƙara girma, idonta a ƙasa. Na ɗauka kunya ce. A makon nan ne kuma dara ta ɓace daga shagon. Ƴan acaɓa suka yi ta mita, na ce musu Turawan ne suka janye abarsu, su yi haƙuri.

Watanni suka yi ta tafiya. Yarinya ta rame, ta daina karɓar aikin nas-nas, kullum tana bayan labule. In aka ɗauke wuta kafin in tayar da janareta sai in ji ta yi salati a hankali. Ni kuwa na riga na cika majalisa da labari, har ana tsokanata ana cewa injiniya yaushe za a hau babur ɗin nan, ko sai an kawo mai. Sau ɗaya na aika goggon ta gano mini. Ta dawo tana riƙe da haɓa, ta ce ita abin da ta gani wani mutum ne ba wuya, hannuwansa a sanƙare, yana tafiya ya shige cikin bango ya ɓace, in wannan ne ɗan acaɓan to ita ba za ta hau ba. Na yi dariya na ce somin aiki ne.

Ranar da asiri ya tonu, wani mutum ya yi sallama a shagon da hantsi, ya ce shi malamin ƴata ne. Ya ce ya zo ne ya ji dalilin da ya sa ɗalibar da ta riga kowa gama aikinta ba ta miƙa komai ba har aka rufe karɓa, abokan karatunta sun fita sun bar ta. Na ce ai ba ta gama ba, babba take yi. Ya dube ni kamar bai ji daidai ba. Ya ce Alhaji, darar fa? Ya ce shi da kansa ya zauna a shagon nan ya buga ta, kusan shekara ta yi tana gina ta, daga kwamfutarta ta bayan labule sauran ke ɗauko wasan, abin da ya rage kawai a ɗora ta a intanet ƴan wasu garuruwa su shigo. Ya ce tiri-di irin wanda nake nufi aikin jama'a ne masu yawa da suka ƙware, shi kansa ba zai iya shi kaɗai ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Abin da na tsaya a tsakiyar shago na ba wa Turawa, tana ji ta bayan labule, ashe nata ne.

Ko sallama ban yi wa malamin ba, na tari acaɓa sai Tarauni. Dillalin ya ce ai tun a makon ya goge tsohuwar kwamfutar tas ya sayar wa wani mai kemis, kuma ya tuna mini cewa ya tambaye ni. Na tsaya a bakin titi ban san inda zan nufa ba, sai na wuce gidan ƙanwata. Da na gaya mata ta ɗora hannu a ka, ta ce Yaya mun kashe yarinyar nan da ranta, ta ce wannan karon ba za ta kai saƙon kowa ba, in je da bakina.

Da la'asar na shiga bayan labulen, karo na farko tana ciki. Ta zabura za ta miƙe, na ce ta zauna. Na tambaye ta ko ba ta da wani kwafi, ta ce akwai na farko-farko a faifai, amma zafi ya lalata shi, ya ƙi buɗewa. Na ce me ya hana ta faɗa tun ranar, ko ta sake ginawa? Ta ce Baba ai ka ce babba za a yi. Tana murza bakin mayafinta ta ce kuma tun da take ba ta taɓa sanin na sayi wani abu don ita kaɗai ba sai kwamfutar nan, ba ta so abin da zai fara fitowa daga bakinta a kai ya zama kuka.

Na ce ta sake yin darar, zan nema mata komawa makarantar. Ta gwada don ta faranta mini, amma zuciyar ta riga ta fita. Za ta zauna gaban allon ta yi ta kallo, ta tashi. Daga baya ta samu aikin ajiye bayanan marasa lafiya a wani asibiti, ta yi aure, tana zaune lafiya da ƴaƴanta. Ta ce ta yafe mini tun tuni, kuma na yarda. Amma ba ta ƙara haɗa wasa ba, ko a waya ba ta bugawa.

Ga matasa masu fara wannan sana'a, ku ji daga bakin wanda ya ɓata ta wani: ku kama ƙaramin da za ku iya gamawa mutane su buga, babban yana nan yana jiran ku, kuma ku ajiye aikinku a wuri fiye da ɗaya. Ga iyaye irina kuma, ban ce a zubar da kunya ba, da ita aka raine mu. Sai dai kada ka yanke hukunci a kan aikin ɗanka ta bakin ɗan aike, kuma kada ka zaɓar masa abin da za ka yi alfahari da shi a majalisa. Ka ja kujera ka zauna kusa da shi, ka ce ya nuna maka, ko da ba za ka gane ba. Tsakanin bencina da kujerar ƴata taku kaɗan ne, kuma ban taka su na same ta ba sai ranar da babu sauran abin da za ta nuna mini. Allah ya yafe mana.