Baba Buwai da Bangon Ɗakin Mai Jego

Baba Buwai magini ne a ƙauyenmu, gabas da Kunci. Shekara arba'in yana cuɗa ƙasa da ciyawa, yana ɗora tubali, yana shafe bango da makuba don kada ruwa ya ci shi. Yanzu samari sun daina kiransa, wai aikinsa na talakawa ne. Har da yayana Basiru. Da ya dawo daga tuƙin adaidaita a Rijiyar Zaki, sai ya sa aka lulluɓe ɗakin ƙasarsa da siminti, aka sha fenti shuɗi. Daga nesa sai ka rantse bulo ne.

Tsakiyar Agusta, matar Basiru, Safiyatu, na kwana goma sha biyu da haihuwa, Baba Buwai ya biyo ta bayan gidanmu bayan azahar. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Ya ga inda ruwan wankan jego ke kwanciya a gindin bangon safe da yamma. Ya ƙwanƙwasa da sandarsa. Ƙwam, ƙwam, kamar ganga.

"Basiru! Wa ke cikin ɗakin nan?"

"Mai jego ce da jaririya, Baba. Lafiya?"

"Fito da su yanzu. Simintin ya rabu da ƙasar. Ruwa ya shiga, ba hanyar fita."

Basiru ya yi dariya. "Haba Baba, in aiki kake nema ka faɗa, sai in ba ka akurkin kaji."

"Kajin ma ba zan bari su kwanta nan ba."

Iska ta taso. Inna ta leƙo tana cewa mai jego ba ta fita cikin sanyi, a bari sai gobe. Ina jin jaririyar na kuka daga ciki.

Tsohon ya ɗaga sanda ya maka wa fentin nan. Siminti ya ɓare kamar ɓawon ƙwai. Basiru ya yi kansa a fusace, shi kuwa ya tura hannu cikin bangon har wuyan hannu, ya damƙo taɓo jagab, ya liƙa masa a tafi.

"Wannan ne ke riƙe da azarar da ke kan 'yarka."

Basiru ya kalli hannunsa. Ko gogewa bai yi ba ya ruga ciki. Ya fito rungume da jaririyar, Safiyatu na biye lulluɓe da bargo, suka shige ɗakin Inna, ruwa ya kece.

Kafin la'asar bangon ya zauna, azara uku suka faɗo kan gadon.