Labulen Tela

Anya ake kiran telan ƙauyen, domin ko gaishe shi ka yi sai ya juya gaisuwar ya duba bayanta kafin ya amsa. Shagonsa na kallon ajin makarantar da kwamitin raya ƙauye ke taro a ciki. Tun yana saurayi yake taka keken ɗinki a bakin tagar nan, ya ga shugabanni sun hau sun sauka, babu wanda ya kwanta masa a rai. Mutanen tsallaken kwari, unguwarsa, suka tura shi kwamiti, suka ce aƙalla shi ba ya gyangyaɗi a taro.

Da ƙaramar hukuma ta ba ƙauyen rijiyar burtsatse guda ɗaya, aka ce jama'a su zaɓi wuri: ko tsallaken kwari, ko gefen injin niƙa na surukin ciyaman ɗin kwamitin. A ƙa'ida hannu ake ɗagawa. Anya kuwa ya daɗe da lura cewa duk ranar ɗaga hannu surukin ba ya zama a benci, sai ya jingina da allo yana fuskantar mutane da murmushi. Shi kaɗai ke da tarakta a ƙauyen, ga damina ta ƙarato.

"Ranka ya daɗe," in ji Anya ga ciyaman a wurin taron, "hannun da ake ɗagawa a nan na masu shi ne, ko na mai tarakta?"

"Kai dai tela, ko inuwarka ba ka yarda da ita ba," ciyaman ya ce, aka fashe da dariya. "To me kake so?"

Labule yake so, kowa ya shiga bayansa shi kaɗai ya jefa tsakuwa a bokitin wurin da ya zaɓa. Ciyaman ya amince nan take, abin da ya ƙara tayar wa Anya hankali. Ya harhaɗa ƙyallaye ya ɗinka labulen, ya shimfiɗa tsumma a gindin kowane bokiti don kada ƙarar tsakuwa ta tona asirin kowa. Da hannunsa ya raba tsakuwar, maza da mata, yana kallon aljihunansu.

Da aka juye, bokitin injin niƙa ya yi rinjaye, rinjayen da mutanen wancan gefen su kaɗai ba za su iya ba. Wasu daga cikin maƙwabtansa a can suka jefa ke nan. A hanyar gida duk wanda ya ce masa sannu sai ya ƙura masa ido.

Ya tarar da matarsa tana wanke-wanke.

"Ke, a wane bokiti kika jefa?"

"Malam, ba kai ka ɗinka labulen ba?"

"Ni ba ciyaman ba ne, mijinki ne."

Ta kife kwano. "Da kuka tsayar da wurin rijiyar unguwarmu a gaban bencin mai shayi, inda kuke yini kuna kallon mai wucewa, kun tambayi masu ɗebo ruwan?"

A gefen injin niƙa aka haƙa rijiyar. Labulen ya zama ƙa'idar kwamiti, ciyaman kuma ba ya buɗe taro sai ya yaba wa tela. Anya na sauraron yabon fuska a murtuke, yana neman abin da ke ƙarƙashinsa.