Ranar da Tapan-da ya ƙi taɓa waya

Shekara ashirin Tapan-da ya yi yana hawa turakun wayar tarho a Siliguri, kafin wayar hannu ta raba shi da aikin. Da furfurarsa ya koma koyon haɗa kwamfutoci, har ƙaramin asibitinmu ya ɗauke shi. Ni Rukhsana, ɗakin hoto nake aiki, shekarata tara ina fama da taurin kansa.

Abin alfaharinsa wani akwati ne mai ramuka ashirin da huɗu, suwic, inda wayoyin asibitin duka suke haɗuwa. Shi ya raba ramukan gida uku ta kwamfuta, abin da yake kira VLAN: na ɗakin hoto daban, na ofis daban, na baƙi masu kallon fim daban, kamar a ja katanga a tsakar gida ɗaya. Waya ta shiga ramin da ba nata ba, to ba ta jin 'yan'uwanta. Na sha ce masa ya rubuta a takarda, sai ya nuna kansa ya ce takardar ke nan.

Ranar bikin Bishwakarma, abin bautar masu sana'ar hannu, mabiya addinin Hindu suna wanke kayan aikinsu su rataya musu furanni, kuma Tapan-da bai taɓa ɗaga ko sukundireba ba a ranar tun yana saurayi. Da ranar ta zagayo bana, da hantsi tsoho Haren mai shara, don neman albarka, ya zare wayoyin nan kaf, ya goge akwatin tas, ya mayar da su jere gwanin sha'awa, gajeru gefe, dogaye gefe.

Ana cikin haka aka kawo wata mai tsinkar ganyen shayi da ta faɗo daga mota. Na ɗauki hoton kanta, amma ya ƙi tafiya wurin likitan da ke duba mana a Kolkata, ga shi sai da maganarsa za a san ko jini na zuba a ƙwaƙwalwa. Na aika a kira Tapan-da.

Tapan-da ya zo a guje da jan ɗigon ibada a goshi, ya tsaya gaban akwatin, hannuwa a baya.

"Tapan-da, me kake jira?" na ce.

"Yau ba na taɓawa. Ke fa, addininki ya hana?"

"Ni? Ko fulogin fanka tsoro nake ji!"

"Allura kike caka wa mutane, waya ce za ta cije ki? Zaro shuɗiyar can mai ɗaurin tef. Rami na uku. Na uku na ce, ƙanwata, ko makarantarku ba a ƙirge?"

Haka muka yi ta yi, yana faɗa ina sakawa, Haren yana gefe yana ba da haƙuri ba mai sauraronsa. Ta ƙarshe ita ce mai fita waje, mai haɗa asibitin da intanet. Ya yi ta bin ramukan da ido har na ji haushi, sannan ya ce ashirin da huɗu. Na tura, koren haske ya kama ƙiftawa, hoto ya tafi.

Minti goma likita ya bugo: fatar kai ce kawai ta tsage, a ɗinke. Na ce alhamdulillahi. Tapan-da ya zauna daɓas a ƙasa, ya warware hannuwansa, duk shatin farce a tafin.

"Da ta ƙarshen nan ta ƙi," ya ce a hankali, "da na taɓa."