Na Ga Amalanken, Ƙafata Ba Ta Taka Birki Ba

A lokacin ni direban motar fasinja ne, hanyar Filinge zuwa Yamai, ban kai shekara arba'in ba, kuma idan ana neman mai baki a tasharmu ba a wuce ni. Ban taɓa cewa na sha ruwa kofi ɗaya ba, sai dai in ce na shanye rijiya. Taya ɗaya ta fashe mini a Bonkuku, kafin in iso gida labarin ya zama duk tayoyin har da sitiyari. Fasinjoji sukan jira layi ya zo kaina, wai tafiya da ni ba ta da nisa. Amma wannan da nake rubuto muku babu daɗi a cikinsa ko kaɗan, ko da yake waɗanda suka san ni sai sun duba ina na ɓoye dariyar.

Abin ya soma ne da zafin bazara. Idona na dama ya dushe kamar an shafa wa gilashi man shanu, ya yi makonni, ya washe da kansa. Daga nan ƙafar dama ta riƙa mutuwa, in taka ƙasa in ji kamar kan auduga nake tafiya. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne kaina. Ni da nake riƙe saƙon rabin gari ba tare da kuskure ba, sai ga shi tsohuwa ta ba ni ƙullin kuka in kai wa ɗiyarta a Yamai, in je in dawo mata da abinta. Mutum biyu su yi mini magana lokaci guda, sai tunanina ya tsaya cak. To me na yi? Na kai ciwukan nan rumfar mai shayi na sayar da su a matsayin abin dariya. Na ce ƙafata ta yi yaji ta koma gidan ubanta, ƙwaƙwalwata kuma ta kafe a yashi sai an kira gari a tura. Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Tobashina, ɗan kawuna da ke sayar da kayan gyaran mota, ya ce wai bawansa dama wace ƙwaƙwalwa gare shi da za ta kafe, ai fura ce cike da kan, a zuba nono a dama. Na rama, aka tashi.

Maiɗakina ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ce mini tambayar da na yi mata yanzu ita ce na yi mata ɗazu, kuma ta lura ina dafa bango idan zan sa takalmi. Na ce mata bangon ne ya gaji nake tallafa masa. Gaskiyar da ban gaya wa kowa ba ita ce motar ba tawa ba ce, ta wani Alhaji ce, kuma na san ranar da na faɗi ciwon nan da murya irin ta mai gaskiya, ranar za a karɓi mabuɗi. Muddin ana dariya, ina kan sitiyari.

Ranar kasuwar Baleyara ce, rana ta take, mota cike. Amalanken jaki ya fito daga gefe zai tsallake kwalta. Wallahi na gan shi, tun da nisa na gan shi. Na san birki ake takawa. Amma tsakanin sanin da takawar wani rami ya buɗe, na faɗa ciki. Da ƙafar ta motsa mun riga mun kai. Jakin ya mutu nan take, mai amalanken Allah ya tsare shi, wata baiwar Allah mutuniyar Bonkuku da ke zaune bayana ta karye a hannu. Jandarmomi suka zo, aka duba birki aka samu lafiyarsa lau. Jama'a suka ce laifin jaki ne, dabba ba ta san hanya ba. Ni kaɗai na san jakin bai yi komai ba.

Maiɗakina ta je ta sami tobashina ta zayyane masa duk abin da take gani a gida. Ya zo ya zauna kusa da ni, tunda muke bai taɓa kirana da sunana ba sai ranar. Ya ce in sake faɗa masa maganar ƙafar nan, amma wannan karon ba zai yi dariya ba. Na faɗa masa. Shi ya kai ni asibitin garinmu, su kuma suka tura mu Yamai wurin likitan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa.

A can aka sa ni cikin na'urar da suke kira IRM, wadda ke ɗaukar hoton cikin kai. Dogon bututu ne, ka kwanta kada ka motsa, tana ƙara kamar maƙeran duniya sun taru a kunnenka. Bayan haka likitan ya ba ni wani gwaji a takarda, alamomi da lambobi, kowace alama da lambarta, in riƙa haɗa su yana duba agogo. Na ce masa wannan ai ɗan furamare ma ya raina shi. Ya yi murmushi ya ce bismillah, Malam. Lokaci ya ƙare ina tsakiyar hanya, gumi ya jiƙe mini riga. Sannan ya kunna hoton ya nuna mini wasu fararen tabo warwatse cikin ƙwaƙwalwar. Ya ce da Faransanci ana kiran ciwon sclérose en plaques. Da ya ji sana'ata sai ya ce in tuna wayar lantarkin mota idan robar da ta lulluɓe ta ta zagwanye, wuta na tafiya amma a makare, wani lokaci ta yanke. Ya ce ba hauka ba ne, ba a ɗaukarsa daga wani, kuma zafi na tsananta shi. Hoton kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an haɗa shi da gwajin, amma a kaina su biyun bakinsu ɗaya. Akwai magani mai rage tasowarsa, za a riƙa sake hoton ana gwadawa da na baya, sai dai ɗaukar fasinja ya ƙare. Na lalubi abin da zan ce mu yi dariya, ban samu ba.

Da muka dawo ban jira an aiko ba, na je da ƙafata na miƙa wa Alhaji mabuɗinsa. Yanzu ina zama a shagon tobashina, ina miƙa kaya a hankali, mutum ɗaya bayan ɗaya. Bakin bai mutu ba, har gobe ina zuba.

Abin da na gane shi ne raha ni'ima ce, amma ni na mayar da tawa bargo na rufe ciwo da shi, kuma ba ni kaɗai na biya ba. 'Yan uwana direbobi, da duk wanda rayukan mutane ke hannunsa, idan ido ya dushe, ko ƙafa ta mutu, ko tunani ya fara zuwa a makare, ku je a duba tun kafin hanya ta duba ku. Ku kuma masu zama da mai barkwanci, idan ya maimaita kuka ɗaya cikin wasa, ku ja shi gefe ku tambaye shi da fuskar gaske. Na je Bonkuku neman gafarar matar nan, ta ce ta yafe, ƙaddara ce. Na tarar da ita tana daka da hannu ɗaya, ɗayan bai miƙe ba. Nawa tabon sai an shiga na'ura ake ganinsa, nata kuwa kowa na gani daga bakin ƙofa.