Tambayar Baba Mai Goro

Jiya ana gardama a rediyo kan wani gwanin wasan golf, wai ko ya fi duk 'yan wasan duniya, sai na tuna da dattijon da ke sayar da goro a tashar Birnin Kudu.

Lokacin Jigawa tana sabuwa, ni kuma ƙaramin ma'aikaci mai ji da boko. Wata rana ina ta kuranta wani zakaran wasan, shi kuwa yana yayyafa wa goronsa ruwa, ƙanshin jiƙaƙƙen buhun algarara na tashi.

Ya ce, "Malam, gwanin nan naka, an taɓa kayar da shi ya tashi?"

Na tuntsire da dariya. "Baba, ba kokawar ƙauye ake magana ba."

Ya miƙo mini farin goro.

Ranar ta'aziyyarsa tsofaffi suka zo daga garinsu, Kwandiko. A bakinsu na ji cewa ɗan kokawa ne a samartakarsa, sau ɗaya aka taɓa kayar da shi a duk ƙasar Gwaram, kafaɗarsa ta goce, da kaka ta zagayo ya dawo ya kayar da kowa. Na kasa ɗaga kai.

Allah ya yafe mini, shi kuma ya haskaka kabarinsa.